Yadda ake gano ƙas a cikin sautin da aka naɗa a kwamfuta

Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin tace sauti a Jos, ko a gidan rediyo ne ko a ƙaramin situdiyon da ake naɗar waƙa da karatun malamai, ya san ɗan ƙarar nan da ke faɗowa a tsakiyar magana kamar an karya tsinken tsintsiya a kusa da kunne. Masu sana'ar suna ce masa kilik, ni kuwa zan riƙa ce masa ƙas, domin haka kunnen Bahaushe yake jin sa. Tsawonsa sau da yawa bai wuce kashi ɗaya ko biyu cikin dubu na daƙiƙa ba, amma idan ya yawaita yakan ɗauke hankalin mai sauraro daga abin da ake faɗa. Wahalar aikin tana wajen gano shi da raba shi da sautukan da suka yi kama da shi, kuma wanda yake tace maganar Hausa ya fi kowa buƙatar yin hattara a nan, saboda dalilin da zan zo kansa.

Kwamfuta tana ajiye sauti ne ta hanyar auna shi sau dubbai a kowace daƙiƙa, ta rubuta kowane awo a matsayin lamba. Faifan CD yana da awo 44,100 a daƙiƙa, aikin bidiyo da talabijin kuma yawanci 48,000, kuma kowane awo guda shi zan kira ɗigo. A cikin murya ko kiɗa mai lafiya ɗigogin suna hawa da sauka a jere, kowanne kusa da maƙwabcinsa, ƙas kuwa wuri ne da ɗigo ɗaya ko wasu 'yan kaɗan suka yi tsalle suka bar sahu. Irin wannan tsalle na farat ɗaya yana watsa ƙarfinsa a kan dukkan mitoci (mita a nan ita ce yawan kaɗawar sauti a daƙiƙa guda), tun daga na ƙasa masu kauri har zuwa na sama masu tsini, kuma duk dabarun gano ƙas a kan wannan hali nasa suka dogara.

Kafin ka fara, ka nemi asalin fayil ɗin da na'urar ta naɗa, wanda galibi WAV ne, ka ajiye kwafi guda da ba za ka taɓa ba. Kada ka yarda da wanda aka turo ta WhatsApp ko aka mayar MP3 matuƙar ana iya samun na asali, domin MP3 yana sarrafa sauti ne a dunƙule, ɗigo 1,152 a kowane ƙulli, sai ya shafe ƙas ɗin ya baza shi gaba da baya, ya zama kunne yana jin sa amma ido da manhaja suna wahalar kama shi. Haka kuma neman ƙas shi ne aikin farko, kafin rage tsakin bayan murya da gyaran kauri da tsini, saboda waɗannan ayyuka su ma suna sauya masa kama.

Sai ka saurara daga farko har ƙarshe da abin sauraro mai rufe kunne, domin lasifikar ɗaki tana ɓoye ƙananan ƙas, balle a unguwar da janareta ba ya hutawa. Idan manhajar tace sauti ta Audacity kake amfani da ita, wadda kyauta ce kuma tana hannun jama'a tun shekarar 2000, danna Ctrl da M a tare yana dasa alama a daidai inda sauti yake tafiya ba tare da ka tsayar da shi ba. Ka dasa alama duk inda ka yi zargi, ka ci gaba, kada ka tsaya gyara tukuna. Kunne yana gajiya da wannan aiki, don haka ka riƙa hutawa bayan kowane rabin sa'a ko makamancin haka.

Bayan kunne sai ido. Ka koma kan kowace alama ka faɗaɗa zanen igiyar sautin har ka fara ganin ɗigogin ɗai-ɗai. Wani ƙas ɗin zai fito kamar ƙaya a jikin reshe, wani kamar matakala inda layin ya yanke ya ci gaba daga wani tsayi dabam, wani kuma ɗan fili ne shimfiɗaɗɗe inda sauti ya ɗauke baki ɗaya ya dawo. Sai dai ƙaramin ƙas da ya hau kan babbar murya ba ya ganuwa a wannan zane, shi ya sa ake juyawa zuwa hoton mitoci, wanda ake kira sifektirogiram, inda lokaci yake tafiya daga hagu zuwa dama, mitoci kuma daga ƙasa zuwa sama. A can murya tana fitowa ne a kwance, layi a kan layi, ƙas kuwa yana tsayawa cak kamar siririn turke daga ƙasa har ƙololuwar hoton, wato har mita 22,050 ko 24,000, rabin adadin awon fayil ɗin. Ka rage girman tagar lissafin, wato yawan ɗigogin da manhaja take haɗawa lokaci guda don zana hoton, zuwa ɗigo 256 ko 512, domin babbar taga tana fito da mitoci sarai amma tana dusashe lokaci, sai turken ya yi faɗi ya narke cikin abin da ke kewaye da shi.

Idan alamomin suka taru, ka dubi tazarar da ke tsakaninsu, domin ita ce take faɗa maka tushen cutar. Ƙas da ke zuwa a kan ƙa'ida, tazara ɗaya ba daɗi ba ragi, yawanci saɓanin agogo ne tsakanin na'urori biyu da aka haɗa, kowace tana ƙirga ɗigoginta da kanta. A awo 48,000, bambancin kashi 10 cikin miliyan kawai ya isa a riƙa zubar da ɗigo guda kusan duk daƙiƙa biyu, kuma maganin shi ne a sa na'ura ɗaya ta zama jagora, sauran su bi agogonta. Wanda yake zuwa a tare-tare lokacin da kwamfuta ta yi nauyi, alama ce ta cewa ma'ajiyar wucin gadi da sauti yake jira a cikinta ta ƙare kafin a cika ta. Ma'ajiya mai ɗigo 256 ba ta kai kashi 6 cikin dubu na daƙiƙa ba, don haka a ɗaga ta zuwa 512 ko 1,024 a tsohuwar kwamfuta. Wanda yake faɗawa daidai inda aka yanka aka haɗa, laifin mai tacewa ne da ya yanka a wurin da igiyar ba ta kan sifili, wato layin tsakiyar zanen, kuma a Audacity danna Z kafin yanka yana matsar da gefen zaɓin zuwa sifili mafi kusa. Wanda yake fitowa a kan kalmomin da aka ɗaga murya kaɗai, sautin ne ya bugi rufi aka aske masa kai, kuma za ka ga kan igiyar a baje.

Akwai kuma waɗanda suke shigowa daga waje, waɗanda ba su da ƙa'ida: makunnin fanka, firji idan ya tashi, juyawa daga wutar gari zuwa janareta, ko bakin wayar makirfo da ya saki. Idan ƙas yana gefe ɗaya kawai na naɗi mai gefe biyu, ka fara zargin wayar wannan gefen. Mu a Jos muna da ƙarin namu, domin daga Disamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana bushewa har rigar sanyi da darduma su tara lantarki a jikin mutum, ya taɓa makirfo ko miksa ya ji ɗan tartsatsi, kuma wannan tartsatsin yana shiga naɗi a matsayin ƙas mai kaifi. Taɓa wani ƙarfe da ke haɗe da ƙasa kafin a taɓa kayan aiki yana rage shi.

Naɗin da ya kai sa'a biyu ko uku ba a binsa da ido ɗigo-ɗigo, dole a bar wa lissafi. Hanya mafi sauƙi ita ce a ɗebe kowane ɗigo daga wanda ya gabace shi, a duba inda bambancin ya yi girma fiye da kima. Tana aiki a magana mai sanyi, amma tana ruɗewa da sautuka masu tsini irin su s da sh, waɗanda ɗigoginsu dama saurin hawa da sauka suke yi. Hanyar da ta fi ta ita ce ta hasashe: manhaja tana ɗaukar ɗan gutsuren sauti, ta koyi yadda yake tafiya, sannan ta hasaso kowane ɗigo daga 'yan gomomin da suka gabace shi. Murya da kiɗa suna da tsari, don haka hasashen yakan zo kusa da gaskiya, kuskuren ya zama ƙanƙane. Ƙas kuwa ba shi da alaƙa da abin da ya gabace shi, sai kuskuren ya yi tsalle a wurin ko da ƙas ɗin ƙarami ne a cikin babbar murya. Masu bincike a Jami'ar Kambirij ta Ingila sun yi aiki sosai a kan wannan dabara don ceto tsofaffin fayafayai, daga nan ne kamfanin CEDAR ya fito a 1988, kuma matatar adeclick da ke cikin manhajar FFmpeg, wadda kyauta ce, a kan wannan tushe take aiki.

Abin da ya rage shi ne a sa iyaka, a ce kuskuren da ya haura nan ƙas ne. Ga mai rubuta manhajarsa da kansa, kada ya auna iyakar da matsakaicin lissafi, domin ƙas ɗin da ake nema shi ne zai kumbura matsakaicin. A ɗauki kurakurai shida: 2, 3, 2, 4, 3 da 90. Matsakaicinsu ya haura 17, amma idan aka jera su daga ƙarami zuwa babba, lambar tsakiya 3 ce, kuma ita ce ta faɗi gaskiyar yanayin sautin. A ninka lambar tsakiyar girman kurakuran da 1.4826, a sa iyaka a ninki biyar ko shida na sakamakon a matsayin mafari, a sake lissafin a kowane gutsure domin ƙarfin sauti yana canzawa. Ɗigogin da aka kama kusa da juna a haɗa su a matsayin ƙas guda, wanda kuma ya zarce kashi biyu ko uku cikin dubu na daƙiƙa a ware shi a duba da kunne. Idan aka sauke iyakar da yawa, manhajar za ta fara kama bugun maƙogwaron mai magana kansa, wanda a muryar namiji yake zuwa kimanin sau ɗari a daƙiƙa.

A nan ne maganar Hausa take shigowa. Harafin ƙ da ts ana furta su ne da rufe maƙogwaro a matsa iska ta fashe da ƙarfi, kuma wannan fashewa gajeriya ce mai kaifi wadda lissafin hasashe ba ya tsammani, don haka manhaja takan ɗauke ta a matsayin ƙas. A wani azumi wani matashi daga wajen titin Bauchi ya kawo mini naɗin tafsiri da ya riga ya wanke da manhaja, ya ce, "Malam, ƙas-ƙas ɗin duk ya tafi, amma muryar ta zama kamar ta mai mura." Da muka saurara tare sai muka tarar da cewa ya ɗaga ƙarfin gogewar har ƙ ta yi laushi ta kusa komawa k, inda malamin ya ce ƙasa kunne yana shakka ko kasa ya ce, baƙi kuma ya doshi baki. Abin da ya dame shi tun farko ma ba na na'ura ba ne, ƙarar yawu ce da harshe yake yi idan baki ya bushe, wadda takan yawaita a bakin mai azumi da la'asar.

Hoton mitoci yana raba su ukun. Fashewar ƙ tana zuwa ne bayan ɗan shiru na rufe baki, a farkon gaɓa, wasali yana biye da ita, kuma ta fi ƙas na na'ura kauri, ƙarfinta a tare yake a wani sashe na mitoci. Ƙarar yawu ta fi son tsakanin kalmomi da daidai lokacin da mai magana zai buɗe baki. Ƙas na na'ura ba ruwansa da gaɓa, yana iya faɗowa a tsakiyar wasali, siriri ne kuma ya kai har sama. Bugun kalangu da tafi da tsinkar tsirkiyar gurmi su ma suna ruɗar manhaja, amma kowannensu yana da jela, wato amon da ke biyo bayan bugun yana raguwa a hankali, ƙas kuwa yanke yake.

Saboda haka kada ka amince da sakamakon manhaja sai ka saurari abin da ta cire. A manhajar gyaran sauti ta iZotope RX akwai zaɓin da ke fito da ƙas ɗin da aka kama su kaɗai. A Audacity kuwa ka kwafi layin sautin, ka yi gyaran a kan kwafin, ka kifar da shi da umarnin Invert, sannan ka kunna su biyun tare. Duk abin da yake iri ɗaya zai kashe juna, sai abin da aka cire ya rage. Idan ƙas-ƙas kaɗai kake ji a warwatse cikin shiru, iyakarka ta yi daidai. Idan kana iya bin kalmomi ko ka gane zaƙin kiɗan, ka ɗaga iyakar ka sake.

Ni dai a naɗin magana ta Hausa nakan bar manhaja ta nuna mini wuraren kawai, ko ta yi aiki da mafi ƙarancin ƙarfi, sauran in bi su da hannu. Umarnin Repair na Audacity yana karɓar zaɓin da bai wuce ɗigo 128 ba, wato ƙasa da kashi 3 cikin dubu na daƙiƙa a awo 44,100, ya sake gina wurin daga sautin da ke gefe da gefe, kuma wannan ya isa yawancin ƙas na na'ura. Ka zaɓi ƙas ɗin da 'yan ɗigogi kaɗan a gabansa da bayansa, ka gyara, sannan ka koma baya daƙiƙa biyu ka saurari jimlar gaba ɗaya kafin ka wuce zuwa alama ta gaba.