Yadda na raba oba-obanmu da layin waya

Muna da sito a Sharada, shago kuma a kasuwar Singa, duk a Kano. Yaran sito na amfani da oba-oba, amma ba ta kaiwa har kasuwa saboda gine-gine. Sai wani mai gyara ya kawo min ɗan akwati, ya ce a jona shi da oba-oba ɗaya da waya mai sim, duk wanda ya danna a sito, wayata za ta yi ƙara. Aka gwada, ya yi aiki. Na biya.

Yayana ne ya tayar min da hankali. Ya ce, "Kai, ka san ka haɗa rediyo da layin jama'a kuwa?" Ni a tunanina tunda kayana ne, ba ruwan kowa.

Da na zauna na karanta dokar sadarwa ta 2003, wadda hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ke aiki da ita, sai na gane inda na kuskure. Izinin amfani da mitar rediyo daban, amincewar hukuma da na'urar da za ta hau layin kamfanin waya daban. Akwatin nan ko suna babu a jikinsa, balle shaidar amincewa. Ga wani abin da ban lura da shi ba: duk mai oba-oba a mitarmu yana jin cinikin da nake yi a waya.

Na cire shi a ranar. Oba-oba ta koma aikin cikin sito kawai. Na saka wa magatakardan sito Zello a waya, wato manhajar da ke aiki kamar oba-oba ta intanet, shi ke isar min da saƙo da bakinsa. Kuɗin akwatin dai sun tafi, yana nan ƙarƙashin kanta.