Yadda zaka tara 'yan fasahar garinku har ka kai matsayin magana da yawunsu

Duk wani gari mai ɗan girma da ka sani akwai 'yan fasaha a cikinsa, masu kodin, masu dizain, masu haɗa netwok, masu gyaran waya da kwamfuta, ɗalibai masu koyo a YouTube cikin dare, harda waɗanda suke ma kamfanonin waje aiki daga ɗakinsu ba wanda ya sani. Matsalar kawai basu san juna ba. Shi yasa zaka ga wani ya tashi rana ɗaya ya buga tambari ya buɗe shafi ya rubuta ma kansa shugaban 'yan fasahar gari kaza, ya fara zuwa ofisoshi yana cewa "mu matasa masu fasaha muna buƙatar…" alhali in ka ce ya kira maka mutum goma da suka aiko shi bazai iya ba. Toh in kana son kayi abin da gaske, ka ajiye maganar muƙami tukunna, wakilci mutane ne ke baka shi bayan sun ga amfaninka.

Fara da ƙirga mutane. Wannan aikin ba daɗi, ba hoto a ciki, amma shi ne tushen komai. Ka buɗe fom mai sauƙi, tambaya biyar ko shida sun isa: me kake yi, shekara nawa kana yi, aiki kake nema ko ma'aikata, me yafi damunka, me zaka iya koya ma wani. Kar ka tsaya a fom ɗin kawai, ka taka da ƙafarka ka je jami'a da kwalejoji da wuraren da masu gyara ke zama da ƙananan kamfanoni, dan waɗanda suka fi iya aiki sau da yawa su ne basa cika fom. Kuma tun farko ka faɗa ma mutane me zakayi da bayanansu, lambar waya da imel amana ce, ranar da ka miƙa jerin sunayen nan ma wani ɗan talla ko ɗan siyasa ba da saninsu ba wallahi ka gama da kanka. Kar ka raina wannan ƙirgan. A 2008 wani mai rubuta manhaja, Matt Biddulph, ya zana taswirar 'yan kamfanonin intanet da ke kewaye da shataletalen Old Street a Landan, cikin raha ya laƙa ma wurin suna Silicon Roundabout, kamfanonin nan dama suna nan ba wanda ya ƙirga su ne kawai, zuwa Nuwamban 2010 firaminista David Cameron ya tsaya yana sanar da shirin gwamnati na bunƙasa kamfanonin fasaha mai suna Tech City akan wannan yankin.

Bayan ka san su waye sai ka haɗa su, kuma anan ne yawancin mutane ke kuskure, sai su ce bari mu yi gagarumin taro na shekara da manyan baƙi da allon hoto, a kwashe wata huɗu ana neman mai ɗaukar nauyi, ranar taro manyan baƙi su zo a makare su yi jawabi su tafi, matasa su ɗau hoto, shikenan sai baɗi. Ni dai a ganina miting ɗin mutum goma sha biyar da ake yi duk wata ba fashi yafi irin wannan sau goma. Ka tsaida rana ɗaya da ba ta canzawa, misali Asabar ɗin farko na kowane wata, wuri ɗaya, lokaci ɗaya, ta yadda ko mutum bai ga sanarwa ba ya san in ya zo zai tarar da ku. Ko mutum huɗu suka zo a yi, kar a ɗaga.

Ka duba Homebrew Computer Club, wani kulob na masu sha'awar haɗa kwamfuta a Amurka. Zamansu na farko a garejin wani mutum Gordon French aka yi shi a Menlo Park ta jihar Kalifoniya ranar 5 ga Maris 1975, mutum talatin da 'yan kai, kuma cikin waɗanda suka zo akwai Steve Wozniak, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin Apple, wanda daga baya a wannan kulob ɗin ya riƙa nuna kwamfutar da ta zama Apple I. Abin da ya kamata ka ɗauka a wurinsu shi ne tsarin zaman: akwai lokacin da kowa zai miƙe a taƙaice ya faɗi abin da yake yi ko abin da yake nema ko abin da yake da shi na bayarwa, sannan a saki mutane kowa ya nemi wanda maganarsa ta dace da tasa. Kuma suna fitar da 'yar takardar labarai bayan zama. Ka kwaikwayi wannan kai tsaye. Jawabi ɗaya na minti ashirin, sai mutum biyu ko uku su nuna abin da suke ginawa ko da bai gama aiki ba (wanda bai gama ba ma yafi jawo hira), sai zagayen "ina nema, ina da shi", sai a bar mutane su yi hira. Wannan hirar ta ƙarshe kar ka yanke ta dan wani ya tsawaita jawabi, ita ce ainihin taron, a nan ake samun aiki da abokin kafa kamfani.

Maganar wuri, ba sai kun kama haya ba. Aji a makaranta, ɗakin karatu, ɗakin miting na wani kamfani bayan an tashi aiki, duk sun yi, abin dubawa wuta da intanet da soket masu yawa da kuma sauƙin zuwa ga wanda bashi da mota. Cibiya ta kanku tana zuwa ne daga baya in jama'ar sun yi yawa. Cibiyar 'yan fasaha ta iHub a Nairobi da aka buɗe a 2010 daga cikin mutanen da suka gina manhajar tattara rahotanni ta Ushahidi a 2008 ta fito, wato jama'ar suna nan suna haɗuwa kafin ginin ya zo. Cibiyoyi da yawa an fara da gini da kujeru masu kala sannan aka fita neman mutane, ka je ka gani kwamfutoci sun yi ƙura.

Guruf kuwa, WhatsApp ko Telegram ko Slack ko Discord, duk wanda mutanenka suka riga suka saba da shi, kar ka tilasta musu sauke sabuwar manhaja. Amma ka raba biyu, ɗaya na sanarwa da admin kawai ke rubutu, ɗaya na hira. In ba haka ba tallan aiki mai kyau zai nutse cikin gaisuwar safiya da musun wane yaren kodin yafi wani. Ka rubuta doka gajera ka maƙala a sama: ba zagi, ba turo tallan samun kuɗi cikin dare, ba bin mata ta inbos dan ka ga lambarsu a guruf. Ta ƙarshen nan ka riƙe ta da ƙarfi, ka kuma ware mutum biyu, mace da namiji, da za'a iya kai ma ƙorafi a sirri. Mata basa yin sanarwa in zasu daina zuwa, kawai wata rana zaka ɗaga kai ka ga zauren duk maza ne ka fara cewa ai mata basu da sha'awar fasaha, alhali wani ne ya kore su kai kuma ka kauda kai dan abokinka ne ko dan ya iya kodin. Lokacin taro ma ka duba, in kullum sai dare kun riga kun zaɓi waɗanda zasu iya zuwa.

Tallafi na gaske ƙananan abubuwa ne da ake maimaitawa. Ka haɗa sabon shiga da wanda ya girme shi a aiki su riƙa magana ko sau biyu a wata. Ku riƙa duba ma juna takardar neman aiki da shafin GitHub inda masu kodin ke ajiye ayyukansu. Wanda ya taɓa karɓar kuɗin aiki daga ƙasar waje ya zauna ya koya ma sauran yadda ake rubuta kwantiragi da karɓar kafin alƙalami, dan cinye ma masu aikin kansu haƙƙi ciwo ne da ke ko'ina. In kamfani ya turo tallan aiki ku nemi ya faɗi albashi ko aƙalla tsakanin nawa da nawa. Akwai kuma shirye-shirye da suka riga suka tsaya da ƙafarsu kamar Google Developer Groups masu yin taron DevFest duk shekara, da ƙungiyoyin masu yaren kodin na Python da na masu gina shafuka da WordPress, zaku iya buɗe reshe ku samu kayan koyarwa da masu jawabi, sai dai ka tuna kowane kamfani hajarsa yake tallatawa, kar ƙungiyar gari gaba ɗaya ta koma ofishin tallan kamfani ɗaya.

Kuɗi kuma shi ke raba kai. Duk abin da ya shigo da duk abin da ya fita a rubuta a inda kowa zai gani, sa hannun mutum biyu kafin a cire, kuma da zarar abu ya fara girma ku yi rijista a buɗe asusu da sunan ƙungiya, a daina turawa akawun ɗin mutum ɗaya komai amanarsa. Mai ɗaukar nauyi a bashi tambari a allo da minti biyar yayi magana, banda jerin sunaye, banda zaɓar wanda zai yi jawabi.

Toh sai wakilcin kansa, wato ranar da zaka zauna gaban shugaban ƙaramar hukuma ko kwamishina ko shugaban jami'a ko ɗan jarida. Kafin ka je ka koma ma mutanenka ka tambaye su, a yi ƙuri'a ko a guruf ne, a fitar da abu uku da suka fi ci musu tuwo a ƙwarya, daga ukun ka ɗauki ɗaya ka sa a gaba. Kar ka shiga ofis ka ce "a tallafa ma matasa", wannan maganar ba ta da hannun kamawa, za'a ce insha Allah a ɗau hoto a raka ka bakin ƙofa. Ka nemi abin da mutumin da ke gabanka yake da ikon sa ma hannu: a rage kuɗin izinin haƙa hanya dan shimfiɗa wayar intanet, a bar ɗakin karatu a buɗe zuwa dare, a ba kamfanonin gari damar shiga neman kwangilar manhajar hukuma, a sake duba tsarin karatun kwamfuta na makarantu da ya tsufa. Ka rubuta shi a shafi ɗaya, matsalar, mutum nawa ta shafa bisa ƙirgan da kayi da kanka, abin da kuke nema, da abin da hukumar zata samu. Kar ka ƙara ko mutum ɗaya akan adadin, in ku tamanin ne ka ce tamanin, dan ranar da aka ce ku zo da mutanenku gani zai kori ji.

Irin wannan buƙata mai kai ɗaya tana aiki. A unguwar Yaba ta Legas, cibiyar 'yan fasaha ta CcHUB da Bosun Tijani da Femi Longe suka kafa ta haɗa kai da kamfanin intanet na MainOne da gwamnatin jiha aka shimfiɗa wayar intanet mai sauri a unguwar, gwamnati ta yafe kuɗin izinin hanya, kamfanoni suka yi ta tarewa a wurin har Mark Zuckerberg ya kai ziyara a Agustan 2016. A Tunisiya dokar sabbin kamfanonin fasaha ta 2018 masu kamfanonin ne da masu zuba jari suka zauna da gwamnati aka rubuta ta, Senigal ta yi tata a 2019, Najeriya aka sa hannu a tata a Oktoban 2022 bayan an zagaya ana jin ra'ayin mutanen harkar. Duk waɗannan ba mutum ɗaya mai baki bane ya kawo su, taro ne aka yi ta yi ana gyara takarda.

Kar ka je kai kaɗai. Ka tafi da mutum biyu ko uku da basu yi kama da kai ba, ɗaliba, mai ƙaramin kamfani, mai gyara, kowa ya faɗi nasa da bakinsa. In aka tambaye ka abin da ƙungiya bata tattauna ba ka ce wannan ra'ayina ne ni kaɗai, ko ka ce bari in koma in tambaya, ba abin kunya bane. In kana da kamfani kuma maganar kwangila ta taso a wannan zaman, ka faɗa ma mutanenka da kanka kafin su ji a waje. Lokacin zaɓe za'a neme ku, a gayyaci kowane ɗan takara ya zo ya amsa tambaya in kuna so, amma tambarin ƙungiya kar ya hau fostar kowa, dan gwamnati tana canzawa ku kuma kuna nan. Kuma duk zaman da kayi, cikin kwana biyu ka rubuta a guruf: mun je, ga wanda muka gani, ga abin da muka nema, ga abin da aka ce, ga ranar da zamu koma. Ko ba'a samu komai ba ka rubuta ba'a samu ba.

Sai maganar gajiya, dan zata zo, yawanci cikin shekara ta biyu lokacin da ka lura kai ke jera kujeru kai ke kwashewa. Tun wata na uku ka fara raba aiki, wani wuri, wata masu jawabi, wani sanarwa, wani kuɗi. Kalmar sirrin imel da shafukan ƙungiya da adireshin shafinku na intanet kar su zauna a wayarka kai kaɗai, aƙalla mutum uku su riƙe. Ku sa wa'adi, shekara biyu ya isa, ku rubuta yadda ake zaɓen na gaba tun ana shiri da juna. Sannan ka gwada wani abu, wata ɗaya ka ƙi zuwa da gangan, ka kashe waya, washegari ka tambaya ya aka yi. In an yi miting lafiya ba kai toh ka fara koya ma wanda ya jagoranta yadda ake rubuta takardar shafi ɗayan nan, zama na gaba da hukuma shi zai yi magana kai kana gefe.