Yadda ake haɗa wa kyanwoyi benen katako da ba ya girgiza

Gidan da ke da kyanwa ɗaya ba ya buƙatar komai, bayan randa da tsohuwar tabarma sun ishe ta. Rigima tana tashi ne in sun kai huɗu ko biyar, ga muzuru, ga uwa, ga ƴaƴanta da suka tasa. Lokacin ne hannun kujerar falo ke komawa zare-zare, labule ya zama tsani, uwargida kuma ta fara maganar a zuba su a buhu a kai bayan gari. Kyanwar Lami a karin magana kawai take. Ta gida dole ta yi yaƙushi, domin da shi take zubar da tsohon ɓawon farce, ta miƙe bayanta, ta kuma bar warin tafin ƙafarta a wurin don sauran su san ta riga su. Hana ta ba zai yiwu ba, sai dai ka ba ta wurin da ya fi mata kujerarka daɗi.

Na ga mutane da yawa a nan Damagaram sun ci karo da hoton benen kyanwa a Facebook, wato katako mai hawa-hawa da take hawa ta yi yaƙushi ta kwanta, sun sayi katako, sun buga, bayan ɗan lokaci abin yana jingine a bayan ɗaki kaji na kwana a kai. Kusan dukansu ciwonsu ɗaya: abin yana girgiza. Kyanwa in ta ɗora ƙafa ta ji motsi, ta gama da shi, ko kilishi ka shimfiɗa a sama ɗauka za ta yi ta sauko. Don haka yawancin bayanina a kan gindin zai tsaya.

Abin da za ka saya

Falle ɗaya na katakon kontirplake, wato wanda ake manna siraran fallaye a kan juna, mai kaurin milimita 18, wanda girmansa santimita 122 ne a 244. In an yanka shi da lissafi ya isa aikin gaba ɗaya har da akwati. Kada mai shago ya lallashe ka da na milimita 8 ko 10 don ya fi araha, wannan na bayan kabad ne. Sai katako mai kusurwa huɗu, 8 a 8, tsawon mita 4, don ginshiƙai. Ni jan katako nake so, domin gara ba ta cin sa da sauri kamar fari, kuma nauyinsa a nan amfani ne. Ka ɗaga shi ka ji, ka duba tsawonsa da ido ɗaya. Ɗanye ko karkatacce ka bar musu kayansu. Katakon da muke samu ta Najeriya yake shigowa, kuɗinsa yana hawa yana sauka, saboda haka ka zaga shago biyu ko uku kafin ka ciro kuɗi. Sai ƙusa mai zare, dogaye masu santimita 10 da gajeru masu 3, farin gam na katako, sanfefa, da igiya wadda zan zo kanta.

Ka bar kafinta ya yi maka yankan da injinsa, ɗan abin da za ka ba shi bai kai wahalar zarton hannu a kan milimita 18 ba. Ka ce ya fitar maka da falle 3 masu 80 a 60, falle 2 masu 35 a 35, da falle 6 masu 40 a 40. Ginshiƙai kuma biyu masu santimita 140, ɗaya mai 90.

Gindi

Abin da masu farawa suke yi shi ne su ɗauki falle ɗaya siriri, su tsayar da ginshiƙi ɗaya a tsakiya, su kifa, su buga ƙusa uku daga ƙasa. Ranar farko kamar ya zauna. Amma ƙusar da ta shiga ta kan katako, tana bin jijiyarsa, ba ta da riƙo. Babbar kyanwa tana kai kilo 3 zuwa 5, kuma ba hawa take a hankali ba, tsalle take ta faɗa can sama, nesa da gindin da fiye da mita. Duk faɗawa ɗaya tana ɗan zaro ƙusar. Ga hunturunmu kuma, daga Disamba zuwa Fabrairu katako yana bushewa ya tsuke, ramin ƙusa ya buɗe. Kyanwoyi biyar suna bi da bi a kai, ba ya kai damina.

Ga yadda za ka yi. Ɗauki biyu daga cikin manyan fallayen. A na saman, ka zana wuraren ginshiƙai uku: biyu a kusurwoyin baya, kowanne santimita 5 daga baki, ɗaya a gaba ta tsakiya. Ka sa a huda ramuka masu kusurwa huɗu daidai girman ginshiƙin, ya shiga da ƙyar, sai an bubbuga. In ya shiga salin-alin, ramin ya yi yawa, ka cusa siraran katako da gam ka cike. Sai ka shafe fallen ƙasa da gam ko'ina, ba ɗigo-ɗigo ba, ka ɗora mai ramukan a kai, ka ɗaure su da gajerun ƙusoshi masu zare, ka aza bulo huɗu a sama ya kwana. Kada ka yi gaggawar nan. Yanzu kana da gindi mai kaurin milimita 36, kowane ginshiƙi kuma yana da gurbin da zai zauna a ciki, ba a sama kawai ba.

Washegari ka shafa gam a gurbin, ka kafa ginshiƙan, dogaye a baya, gajere a gaba. Daga ƙasa ka sa wa kowanne dogayen ƙusoshi masu zare guda 3, amma ka fara huda musu hanya da siririn bakin inji, in ba haka ba jan katako tsagewa yake. Kawunansu su nutse don kada su goge maka siminti. Har yanzu ba ka gama ba. Je wurin mai walda ya lanƙwasa maka guntayen ƙarfe masu kusurwa, kowane hannu santimita 8 da huji biyu, ka sa wa kowane ginshiƙi biyu a ɓangarori dabam-dabam. Wasu za su ce wannan ya yi yawa a kan kyanwa. Su ne waɗanda nasu yake bayan ɗaki.

Falle na uku shi ne hawan tsakiya, kuma shi ke ɗaure ginshiƙan uku su zama abu guda. Zai zauna a kan gajeren ginshiƙi, a baya kuma ka yanke masa gurbi ya rungumi dogayen, da guntun katako a ƙarƙashinsa da aka ɗaure a jikinsu yana tallafe shi. Kafin ka ɗora, ka yanke kusurwoyinsa biyu na gaba a karkace, ka bar tsakiyar da za ta hau ginshiƙin. Wannan yankan yana ba da hanya biyu ta hawa da sauka, dama da hagu. A gidan kyanwoyi da yawa, duk wurin da ke da hanya ɗaya muzuru ne zai kwanta a bakinta, ƙaramar da ke sama ta rasa ta sauka, daga nan ba za ta sake hawa ba.

Ƙananan fallayen 35 a 35 su hau kan dogayen ginshiƙai, da ƙarfen kusurwa a ƙasansu su ma. Da gangan na sa tsayinsu ɗaya. In ka yi kujerar sama guda ɗaya tak, ka naɗa sarki ke nan, kullum dare sai an yi faɗa a kanta.

Yanzu gwaji. Sa tafin hannunka a kujerar sama ka tura da ƙarfi gefe da gefe, gaba da baya. In gindin ya ɗaga ko kaɗan, aza bulon siminti biyu a kansa tsakanin ginshiƙan baya. Mai ɗakin siminti yana iya ɗaure saman a bango da ƙarfe guda, magana ta ƙare. Amma in gidanka irin na tsohuwar unguwar Birni ne, ginin ƙasa, kada ka wahalar da kanka, bangon ba zai riƙe ƙusa ba, sai dai ka ɓarke wa maigida yaɓe. Nauyi a ƙasa shi ne maganinka.

Igiya

Gajeren ginshiƙin gaba shi ne wurin yaƙushi, shi ya sa na ba shi santimita 90: kyanwa tana so ta tsaya a ƙafafun baya ta miƙe iya tsawonta. Guntu mai 40 ko 50 da ake gani a hotuna na jarirai ne. Igiyar rama ta fi, ta kaba ma tana yi kuma ba ta da tsada a kasuwar Dole, sai dai tana saurin cinyewa. Igiyar roba ta guga kuwa a'a, farce yana maƙalewa a cikinta, zarenta kuma in kyanwa ta haɗiya matsala ce. Ka sunsuna igiyar kafin ka biya, wadda ke warin kananzir ka ajiye ta.

Mutane suna sayen mita 10 su dawo gida su tarar ko rabi ba ta kai ba. Yi lissafi: ginshiƙi 8 a 8 da igiya mai kaurin santimita 1, kowane zagaye yana cin kusan santimita 36, zagaye 90 kuma ya haura mita 32. Sayi 35. Goge kaifin kusurwoyin ginshiƙin da sanfefa tukuna. Fara daga ƙasa, ka danne bakin igiyar da lanƙwasasshiyar ƙusa ta ɓangaren baya, ka nutsar da ita sosai. Ja da ƙarfi kana naɗawa, duk zagaye goma ka bubbuga da guduma daga sama su matse juna. In yatsanka yana iya raba zagaye biyu, farce ma zai raba, ka warware ka sake. Kada ƙusa ko ɗaya ta kasance a fuskar da za a yaƙusa.

Gara, da abin da ba za ka shafa ba

Kafinta zai ce maka a shafe shi da baƙin mai don gara. A ƙofar garka ko azara wannan dabara ce, a nan kuwa guba ce. Kyanwa tana lashe ƙafarta da jikinta kullum, duk abin da ta taka cikinta zai shiga, hantarta kuma ba ta iya sarrafa irin waɗannan sinadarai yadda ta mutum ko ta kare ke yi. Haka fiya-fiya, haka duk maganin ƙwari mai sinadarin permethrin, wanda ɗan kaɗan ɗinsa yana iya sa kyanwa karkarwa da farfaɗiya har ta mutu. Maganin gara a nan shi ne kada katakon ya taɓa ƙasa: ajiye shi a kan daɓen siminti, ko ka jera bulo a kwance su daidaita ka ɗora, kuma duk mako a ja shi a share ƙarƙashinsa. Fenti ni ba na sawa, gogewa da sanfefa ta isa. Wanda uwargida ta matsa masa sai an yi kwalliya, ya shafa na ruwa, ya bar shi a inuwa har warin ya fita gaba ɗaya.

Shimfiɗa kuma kada ka manna ta da gam. Yanki buhun algarara ko tsohon bargo, ka ɗaure da igiya ta ƙasa yadda za a kwance. Ruwan Damagaram, da wuyar samunsa, ba na wankin katifar kyanwa ba ne, abin da za a kakkaɓe a shanya a rana ƙuma ta gudu shi ya dace da mu.

Fallaye shidan nan masu 40 a 40 akwati ne. Haɗa su da gam da gajerun ƙusoshi, ka rage kaɗan a bakin biyu daga ciki don kusurwoyin su haɗu, ka huda ƙofa mai faɗin santimita 18 a gaba da wata a gefe. Ƙofa biyu, dalilin dai shi ne na ɗazu. Marfin sama kada ka kafe shi, don shara. Ajiye akwatin a ƙasa gefen benen, ya zama matakala ga tsofaffi da ƙanana, ɗakin ɗumi a hunturu. Mai ciki kuwa, da yake cikin kyanwa kwana 63 zuwa 65 ne, in ta kusa ka janye mata shi zuwa lungun da ba kowa. Ba a sa masa ƙyaure, kowa ya san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare.

Inda za ka ajiye benen yana iya ɓata duk aikin. Ƙarƙashin rufin kwano a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ba mai hawa sama. Tsakar gida kuma ruwan Agusta zai ɗaye kontirplake falle-falle. Rumfa mai iska ko kusa da taga ya fi. Nesa da ɗakin tantabaru, nesa da katanga, in ba so kake muzurun maƙwabta su samu tsani ba. A makon farko ka sa shi dab da kujerar da suke yaƙusa, ka rufe hannun kujerar da leda mai kauri, ka goga tsumma a kumatun babbarsu ka shafa a igiyar, ka ɗora ɗan busasshen kifi a hawan tsakiya. Kada ka kama ƙafar kyanwa kana goga mata a igiya, tsoron wurin za ta yi.

Benen nan da akwatinsa yana ba da wurin kwanciya biyar. Ƙa'idata ita ce wuraren su fi yawan kyanwoyin da ɗaya, don haka mai biyar ko fiye ya ƙara katakai masu 30 a 40 a bangon siminti, santimita 40 tsakanin kowanne da na samansa, kowanne a kan ƙarfen kusurwa biyu. Kwanukan abinci kuma a rarraba su, kada a jera a kan benen. In katako ya ragu, ka yi wa kabad ɗin abinci ƙofar waya da sakata ta ƙarfe, domin ƴar maganaɗisun nan da kafintoci ke sawa, muzuru da ƙafa ɗaya yake buɗe ta.