Kurakuran da muke yi wajen zaɓen shimfiɗar cikin takalmin gudu

Wata uku na yi ina fama da ciwon dunduniya kafin na gane ni ke ƙara wa kaina. Da asuba in na sauko daga gado, takun farko ji nake kamar na taka ƙusa, sai na ɗan zagaya tsakar gida ya lafa. Wannan alama ce ta wahalar jijiyar nan mai faɗi da ta taso daga dunduniya zuwa gindin yatsu. Na je na sayo shimfiɗa mafi laushi da na gani, irin ta jel ɗin nan da yatsa ke nutsewa in an danna. Nan na fara kuskure.

Laushi yana da daɗi a shago, amma a guje ƙafa na dukan ƙasa da ƙarfin da ya kai ninki 2 zuwa 3 na nauyin jiki. Shimfiɗa mai laushi zalla lotsewa take yi, kwarin tafin ƙafa ya rasa abin jingina. Mai irin ciwona yana bukatar wadda tsakiyarta ke da tudu mai ɗan tauri, bayanta kuma da zurfi kamar ƙoƙo don ta riƙe dunduniya. Gwada ta a hannu: in ta naɗe kamar tabarma, ajiye ta.

Tudun ma ba ɗaya ba ne. Jiƙa ƙafarka, ka taka siminti busasshe, ka dubi sawun. In tafin ya fito duka, ƙafarka shimfiɗaɗɗiya ce, tudu mai tsawo zai riƙa tokare ka har ya fitar maka da bororo. In kuwa siririn layi ne kawai ya haɗa gaba da baya, kai ne mai bukatar dogon tudu.

Wasu kuma kan ɗora sabuwa a kan ta asali. Takalmi ya matse, dunduniya ta riƙa fita, yatsu su yi sanyi. Zare tsohuwar, ka ɗora ta a kan sabuwar, ka zana da biro, sannan ka rage da almakashi ta wajen yatsu kawai, kaɗan kaɗan. Gwajin ma da yamma ya fi, lokacin ƙafa ta ɗan kumbura, kuma da safar da kake gudu da ita.

Kada ka fita doguwar tsere da ita ranar farko. Awa ɗaya ko biyu na tafiya ya isa, ka riƙa ƙarawa har mako guda ko biyu.

Abin da ya fi damuna shi ne masu zuba shimfiɗa mai tsada a takalmin da ya mutu. Takalmin gudu kan ƙare tsakanin kilomita 500 zuwa 800, na gwanjo kuma ba ka san nawa ya ci ba. Ajiye shi a kan tebur ka dube shi ta baya. In ya karkata gefe guda, babu shimfiɗar da za ta miƙar da shi.

In ciwon a wuri guda yake a saman ƙafa, da kumburi, yana ƙaruwa da gudu, tsagewar ƙashi ce ake tsoro, sai asibiti. Haka mai ciwon suga, kada ya saka komai a takalminsa sai likita ya duba ƙafar.