Yadda za ka bi sawun kakanka da ya yi yaƙin basasa

Ka fara daga gida tun tsofaffi na da rai. Tambayi kaka ko gwaggo ta buɗe maka adaka, ka duba littafin sallama, takardar fansho, ko hoton da ya ɗauka da kaki. Abin da kake nema shi ne lambarsa ta soja, domin da ita ake gane mutum a rajista. Suna kaɗai ba zai kai ka ko'ina ba: kurata da yawa an rubuta su da sunan gari ne, Musa Kano, Audu Sakkwato, kuma masu irin sunan ba sa ƙirguwa. In ka ga lambar ta fara da 63NA, kada ka yanke cewa a 1963 ya shiga. Waɗanda aka ɗauka lokacin yaƙin ma suna da ita.

Sai ka tambayi wane kwamanda yake yawan ambata. In Muhammadu Shuwa ne, yana Runduna ta 1 da ta bi ta Nsukka ta kama Inugu a Oktoban 1967. In Murtala ne, Runduna ta 2 ke nan, ta Benin da Asaba da tsallaken kogin Kwara zuwa Onica. In kuwa Adekunle ko Obasanjo, yana Runduna ta 3 da ta yi Kalaba da Fatakwal.

Wurin da aka ɗauke shi ya fi wuyar tabbatarwa. Kowa zai ce maka Zariya, saboda makarantar horar da kurata tana can tun 1924. Amma tsakanin 1967 da 1970 sojan Nijeriya ya tashi daga kimanin 10,000 zuwa kusan 250,000, an yi ɗiba cikin gaggawa a garuruwa da dama. Don haka ka raba tambayar biyu: ina ya ba da suna, ina aka horar da shi?

Da lambar a hannu, je ofishin ƙungiyar 'yan mazan jiya na jiharku, ka gaida dattawan da ladabi ka nuna musu hoton. Sannan ka rubuta wa ofishin adana bayanan sojoji da ke Lokoja, da Hukumar Fanshon Soja a Abuja in ya karɓi fansho, ka haɗa da shaidar dangantakarku. Kwafi za ka aika, kada ka kuskura ka rabu da takardar asali.