Yadda ake komawa ƙauye a kama kiwo a Sakkwato

Mutane da yawa yanzu na cewa sun gaji da birni, haya ta yi tsada, albashi bai kai ƙarshen wata, gara su koma ƙauye su kama kiwo. Shawara ce mai kyau, amma mafi yawan masu komawa da baya suke farawa, su sayo dabba tukuna sannan su tsaya tunanin mi za ta ci.

Fara da zaɓen wurin zama. Gaskiya sai an faɗe ta, gabashin jiha wajen Isa da Sabon Birni da wasu sassan Rabah da Goronyo an sha fama da ɓarayin daji, kuma bisashe suke nema. Shi ya sa masu farawa suka fi duba Wamakko, Kware, Bodinga ko Dange Shuni, su ma sai ka tambayi mutanen garin da kanka, ba dillali ba. In za ka sayi gona ka bi ta hannun mai gari, a yi takarda gaban shaidu, in ta gado ce ka tabbata duk magada sun aminta, kuma a nuna maka inda burtali ya bi kar ka yi shinge a kan hanyar shanu.

Sai ruwa. Kada ka je duba rijiya da damina, lokacin ko'ina ruwa ne. Ka je watan Afrilu, sa'adda zafi ke wuce digiri 40, ka zura guga da hannunka ka ga igiya nawa take ci.

Yanzu ga inda kiwo ke tashi ko ya faɗi, wato abinci. Daminarmu gajera ce, daga Yuni zuwa Satumba, sauran watannin duk daga abin da ka ajiye dabba za ta ci. To da kaka, Oktoba zuwa Nuwamba, lokacin da harawa ke araha manoma na neman kuɗin hannu, nan za ka zuba kuɗinka, ka sayi harawar wake da ta gyaɗa, karan dawa, kowar wake, da dusa, ka ɗora harawar bisa rumfa nesa da ƙasa saboda gara, ka rufe ta don rana na cinye ganyen ta bar maka tsinke. Damin da ka saya da kaka in ka jira bazara sai ka riƙe baki in an faɗi kuɗinsa. In gonar na da gawo kar ka sare shi wallahi, da rani yake ganye kuma 'ya'yansa awaki na son su ƙwarai. Ka tanadi kanwa da gishirin lasa.

Sai rumbu ya cika sannan ka tafi kasuwa, Kara cikin garin Sakkwato, ko Achida, ko Illela. Ni dai a ganina mai farawa ya kama jar akuya, tamu ta gida wadda fatarta ta yi suna har Turai tun zamanin ayarin Sahara. Tana jure zafi, cikinta wata biyar, kuma ta saba yin tagwaye. Mata huɗu ko biyar da bunsuru ɗaya sun isa. Ka buɗe bakinta, in manyan haƙora biyu ne a gaba to ba ta wuce shekara ɗaya da rabi ba sosai, ita kake so. Ka ja fatar idonta ta ƙasa, in fari fat ne jini ya yi ƙaranci, galibi tsutsar ciki ce. Duba hanci ko da majina, duba ƙarƙashin wutsiya ko da zawo, kar kunyar dillali ta hana ka.

In ka kawo su gida ka ɗaure su daban sati biyu zuwa uku, a ba su maganin tsutsa, a kira malamin dabbobi ya yi musu rigakafin PPR, cutar nan mai zawo da majina da ke share garke. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom kusa da Jos ke yin allurar, kuma Jami'ar Danfodiyo na da asibitin dabbobi in abu ya gagara.

Da an yi shuka kowace dabba ta koma turke, akuya ɗaya ta shiga geron maƙwabci sai ka tsinci kanka gaban mai gari kana biyan ɓarna, kai da kake baƙo. Ka riƙa tsince leda a gidan, suna haɗiye ta, ta cunkushe tumbi dabba ta yi ta rama ba a san dalili ba.

Kaji da zabi 'yan kaɗan na cefane ba laifi, a dai yi wa kajin rigakafi kafin hunturu. Shekara ta biyu kana iya turke rago Uda ko Balami wata uku zuwa huɗu kafin Layya. Shanun Gudali kam bari sai harawarka ta fara kai ka damina ba ka saya ba. Takin garken kuma ka tara shi wuri ɗaya, in ba ka zuba a gonarka ba masu albasa a fadama za su zo da amalanke su saya.