Kafin ka biya kuɗin ƙaramar jif

'Yan uwa, duk mai shirin sayen RAV4 ko CR-V, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta tukuna. In ka ga furofela, wato dogon ƙarfen da ke juya tayoyi, ta miƙe zuwa tayoyin baya, mai jan ƙafa huɗu ce, kuma ta fi shan mai. In zirga-zirgarka Kabuga zuwa Sabon Gari ce bisa kwalta, mai jan gaba ta ishe ka. Waccan sai mai shiga ƙauye da damina.

RAV4 ta 2006 zuwa 2012 akwai mai injin V6, wato mai silinda shida. Ƙarfi kam ba magana, amma a cunkoson Kurna aljihunka ne zai ji jiki. Ni dai mai silinda huɗu na ɗauka.

Da hunturu kuma a riƙa duba filtar iska, ƙura na saurin toshe ta.